Kanwar Baba Modu

Har yau ban manta da wata Laraba ba, lokacin ina malami mai daraja ta ɗaya a sashen kimiyyar lantarki na wata babbar makaranta a Maiduguri, ina neman takardar bincike guda da za ta kai ni matakin babban malami.

Bincikena a kan baristo ne, wani ɗan faifan tangaran da ake sa wa na'ura domin ya shanye wuta idan ta zo da ƙarfi. Ana yin sa da garin zinki, a barbaɗa masa sinadarai kaɗan kamar bismut da kobalt, a daka a turmi, a matse, a gasa a tanderu. Wannan ɗan barbaɗen shi ke sauya halinsa gaba ɗaya.

Haɗina na bakwai ya ba ni mamaki, domin wutar da ke yoyo ta cikinsa ta ragu ƙwarai, abin da duk mai wannan bincike ke nema. Maimakon in maimaita gwajin, na garzaya na shaida wa shugaban sashe, shi kuwa ya sa mini ranar Alhamis in yi bayani gaban malamai. Daga baya na maimaita sau uku, sakamakon bai dawo ba. Na zargi sikeli, na zargi tanderu, har na fara zargin digirina.

Ranar Laraba da safe na shigo da wuri, na tarar da Baba Modu, babban ma'aikacin ɗakin gwaji, dattijon unguwar Shehuri da ya shekara talatin yana aiki a wurin, yana daka kanwar tabarsa a turminmu.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Malam, turmin nan ya fi na gida laushin gari. Kuma ina gogewa da hulata tsaf."

Kanwa tana ɗauke da sodiyam, kuma ɗan kaɗan nasa yana iya rage yoyon. Na roƙe shi ya tuna adadin da ya daka a ranar haɗi na bakwai. Ya yi dogon nazari, ya ce ya danganta da zafin tabar.

Na yi tunanin in gabatar da sakamakon in yi shiru. Ban iya ba. Ranar Alhamis na faɗi gaskiya. Bayan dariya ta lafa, shugaban sashe ya tambaya da fuskar gaske ko sunan wa za a fara rubutawa a takardar, nawa ko na Baba Modu.

Ƙarin girman ya wuce ni a shekarar. Sai da na sake aikin da sodiyam aunanne kafin na samu. Abin da nake gaya wa ƙananan malamai shi ne, kafin mutum ya sanar da abin da ya gano, ya fara tambayar ma'aikatan ɗakin gwaji abin da suka riga suka sani.