Sifirin da na goge

Shekarun baya kaɗan, ranar da na sauka ƙauyen kakana a gefen Guci, abin da na fara lura da shi shi ne tsamiyar bayan gida ta yi shiru. Da can tun daga zaure ake jin ƙugin ƙudan zuma daga amya bakwai da ya rataya a rassanta. A wannan zuwan amyoyin suna nan, amma sai motsin ganye kawai.

Lokacin ina aji na biyu a kolej a Magaria, na zo hutun damina da wata takarda a cikin kayena, wato littafin rubutuna. Mushenmu, malamin kimiyyar halittu, shi ne ya raba mana ita. Ya ce kowa ya zaɓi shuka ɗaya mai fure, ya zauna gabanta minti goma sha biyar kowace safiya har mako biyu, ya rubuta duk ƙwaron da ya sauka kan furen. Wasu masu bincike a jami'a ne za su haɗa takardun makarantu da yawa. Ko ya faɗi abin da za a yi idan ba a ga komai ba, ni dai ban ji ba, kuma kunya ba ta bar ni na ɗaga hannu ba.

Na zaɓi kabewar kakata da ta haye danga. Furenta yakan buɗe bayan asuba, kafin hantsi ya yi nisa ya fara lanƙwashewa. Na lura wasu furannin suna da ɗan kumburi a gindi kamar ƙwallon magarya, kuma bayan kwana biyu sai kumburin ya yi rawaya ya faɗi.

Kakana ya same ni tsugune a rana ta farko.

"Amarya, me kike gadi? Kabewa ba ta gudu."

"Ƙudan zuma nake ƙirgawa, Kaka."

"To in kin ga ɗaya, ki ce masa mai gidan na gaishe shi. Ki tambaye shi laifin da na yi masa."

Ya yi dariya, amma da ya wuce na ga ya tsaya gindin tsamiya yana kallon sama. Duk Juma'a yakan turara amyoyin da kakin zuma da wasu ganyaye masu ƙamshi, ko za su dawo. Shi zatonsa maganin da ake fesa wa wake ne, don da sassafe ake fesawa, daidai lokacin da fure yake buɗe. Kakata kuwa ta koma yin aikin da hannunta. Sai ta tsinko furen da ba shi da kumburi, ta yage ganyensa, ta goga tsinken a cikin mai kumburin. Tana yi tana cewa, "Da tsufana an mai da ni ƙudan zuma."

Cikin kwana goma sha huɗu sau biyu kawai na ga ƙudan zuma. Wata rana biyu, wata rana ɗaya. Sauran kwanakin sifiri na rubuta, da bik, wato biro, a kayena, da fensir a takardar mushe.

Da hutu ya ƙare aka koma lakwal, ƙawata ƴar Waca ta nuna mini tata. A gonar riɗin babanta ta zauna, takardarta cike da lambobi. Ta leƙa tawa ta ce, "Ke barci kika je yi ƙauye?"

A ajinmu sifiri abu ɗaya yake nufi: jan bik da dariyar ƴan aji. Ni kuwa da ko amsa sunana ba na iya yi da ƙarfi, sai na hango a raina an tsayar da ni gaban allo ana tambayata. Na sa takardar ƙarƙashin tebur na goge. Na rubuta takwas, biyar, goma sha ɗaya. Har na bar wata rana da uku, wai don ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Mushe ya karɓa ya ce, "Da kyau."

Bayan wasu watanni ya shigo da taswira da masu binciken suka aiko. Kowane ƙauye da ɗigonsa: kore inda ƙwarin suke da yawa, ja inda suka ragu. Ya ce wuraren ja za su fara zuwa, su zauna da manoma kan lokacin feshi, su kuma taimaka wa masu amya su sake samun zuma. Na nemi ƙauyenmu da ido. Kore ne. Kuma ni kaɗai ce na kawo takarda daga can.

Mushe ya dube ni ya ce, "Ke kam kakanki ya ji daɗi."

Na sunkuyar da kai. Kowa ya ɗauka kunyar da na saba ce.

A shekarar ba a aiko wa mahaifiyata kwalbar zumar da take sha don tari ba. Kakana ya sa aka sauke amya shida, kakata ta yi makamashi da su. Ya bar ɗaya. Da bazara ya kwanta, bai tashi ba.

Sai bayan zaman makoki na kai wa mushe kayena, na buɗe shafin da na rubuta sifirin da bik na ajiye gabansa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ƴata, wannan sifirin ai shi suke nema." Ya ce zai aika gyaran, amma zagayen an riga an gama.

Ban san ko zuwansu zai dawo da zuma kan tsamiyarmu ba. Wataƙila ba zai canza komai ba. Abin da na sani shi ne tsohon nan ya tafi yana zaton babu wanda ya lura da abin da ya same shi, alhali ni na lura, na rubuta, sannan na goge. Har yau in na ga fure babu ƙwaro a kansa sai in tsinci kaina ina ƙirga minti.

Daminar da ta wuce na koma. Na tarar da kawuna ya jingina tsani jikin tsamiya zai sauke amyar da ta rage, ga tankin feshi a gefe yana jiran safiyar gobe. Ban taɓa yi masa magana ba in ba gaisuwa ba. Na durƙusa na ce:

"Kawu, don Allah ka bar wa Kaka amyarsa zuwa baɗi. Waken ma, in za ka fesa, ka bari sai yamma, furen ya rufe."