Lemon Kwalin Shagon Kawu

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ina aji biyar na sakandare a Kaura Namoda, ina zaune gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata. Iyayena suna Birnin Tsaba suna noma. Kawu yana da shagon tireda a hanyar tasha, da firij ɗaya mai yin sanyi idan an kawo wuta. In na taso makaranta nakan tsare masa shagon da littafi a hannu, ba na ɗaga kai sai an yi sallama sau biyu.

Wata Laraba cikin damina, limamin masallacin unguwarmu ya aiko aka sayi babban lemon kwali, don surukinsa ya zo daga Shinkafi. Ba a jima ba sai ga liman da kansa riƙe da kofi, surukin yana biye. A saman lemon wani abu ne ke yawo kamar jiƙaƙƙiyar auduga, kore da baƙi. Hunhuna muke ce masa. Amma warin ne ya taso su.

"Shinshina wanga," in ji liman.

Kawu ya shinshina, ya kawar da kai. "Allah gafarta Malam, lalacewa ya yi."

"Wace lalacewa?" in ji surukin. "Wanga warin giya ne. Da anka buɗe shi har huci ya yi."

Mai facin keke da ke gefenmu ya leƙo. "To Alhaji, kai ina ka san warinta?"

Aka yi dariya, ban da surukin, ban da Kawu.

Lokacin an rufe wuraren sayar da giya, gari ya cika da raɗe-raɗi cewa ana shigo da ita a jarkar manja da kwalaben magani. Kafin kwana uku maganar ta zagaye unguwa. Sai ka ga mutum ya wuce shagonmu ya tafi na gaba sayen ashana. Gaisuwa ta gajarce. A masallaci Kawu ya fara samun fili a gefensa cikin sahu.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na zargi Kawu. Na riƙa kallon hannunsa in yana jera kaya. Ranar da ya tafi kasuwar Shinkafi na fito da sauran lemon daga katan, na duba su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, ina neman hudar allura ko alamar gam. Babu. Huɗu sun kumbura, kuma su huɗun lamba ɗaya ce a gindinsu, ranar lalacewarsu da saura wata biyar. Na rubuta a bayan littafin darasi. Daga nan zargina ya koma kan direban da ke kawo kaya, ya koma kan dilan Gusau, har ya taɓa surukin liman, don na kasa mantawa da tambayar mai faci.

A jikin kwalin akwai adireshin kamfanin, a Legas. Na rubuta musu wasiƙa da Turanci, sau uku ina sakewa. Kwana biyu na yi ina neman hunhuna a ƙamus ɗin makaranta ban samu ba, ashe funfuna suka rubuta, irin ta mutanen Kano. Na yanke gindin kwali ɗaya, na wanke, na sa a ambulan. Ma'aikacin gidan waya ya daɗe yana matsa ambulan ɗin yana kallona kafin ya manna kan sarki.

Sai da gero ya fara nuna amsa ta zo. Sun ba da haƙuri. Sun ce na'urar liƙe baki ce ta sami matsala a kayan da ke ɗauke da wannan lamba, iska ta shiga, hunhuna ta kama. Sun ce a je Gusau a karɓi katan ɗaya kyauta. Amma a layi na uku akwai wata doguwar kalma da ban sani ba. Na duba ƙamus: yadda sukari ke juyewa da kansa har ya zama abin sa maye.

Kawu ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zan karanta takardar a ƙofar masallaci. Na gaya masa maganar kalmar. Ya ce, "Ka ce tsami."

"Kawu, ba haka ƙamus ya ce ba."

"Ƙamus ke ciyar da kai ko ni?"

Ranar Juma'a mutane sun fi yadda na zata. Ban taɓa magana gaban dattijai ba sai ranar. Na karanta Turancin, na dawo ina fassarawa layi-layi. Da na zo wurin na ce, "Ya yi tsami," na yi sauri zan wuce.

Liman ya ɗaga hannu. "Dakata, ɗan boko. Tsami iri-iri ne. Na tsamiya, ko na kunun da ya kwana?"

Na dubi Kawu, shi kuma yana duban ƙasa.

"Na kunun zaƙin da ya kwana biyu, Allah gafarta Malam. In an bar shi yana iya kaiwa ga abin da Alhajin Shinkafi ya faɗa. Haka ƙamus ya nuna."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Wani a baya ya ce katan ɗin kyauta toshiyar baki ce. Liman ya bari suka lafa.

"To ashe hancin surukina bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma wane ne cikinku ba a taɓa zubar da kunun da ya juya a gidansa ba? Kun kai uwargida gaban alƙali? Abin da ya juya da kansa cikin rufi, zubarwa ake yi. Mai shago bai dafa ba, bai liƙe ba, bai sani ba."

Ya miƙa wa Kawu hannu a gaban kowa, sannan ya juya ga wani yaronsa ya ce a je a sayo masa sukari a shagon.

Mutane sun dawo sannu a hankali, ba duka ba. Kawu bai je Gusau karɓar katan ɗin ba, bai kuma sake saro lemon kwali ba. Kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta aike. A na uku ya ajiye farar takarda da biro a kan littafina, ya ce in rubuta fassarar da manyan baƙaƙe, boko da ajami, zai manna a ƙofar shago.

"Layi na ukun fa?" na tambaya.

"Yadda ka faɗe shi a masallaci," in ji Kawu. "Kada ka rage komai."