Muryar Tsohuwata a Cikin Waya

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da karatun bokon da na yi na jefar tun daga aji huɗu, amma ranar da na kai wayata gyara kasuwar Gummi tana nan a raina har a mayar da ni ƙasa.

Tsohuwata, wato matata, Allah ya jiƙanta, mace ce mai murya. In ta yi faɗa a tsakar gidanmu na Adabka, masu noma a bayan gari sukan san laifin da na yi kafin ni in sani. Tun muna da ƙuruciya nake roƙon Allah ya rage mata ƙara. Ashe in an amsa wa mutum wata addu'ar, kuka zai yi.

Kafin ta kwanta ciwon ajali, autar 'ya'yanmu ta taɓa laɓewa a bakin ɗaki ta ɗauki muryarta da waya, ranar da na bar akuya ta cinye mata zogale. Bayan rasuwa yarinyar ta bar mini wayar, ta koya mini inda ake dannawa a wurin jin waƙoƙi. Duk duniya babu inda muryar ta rage sai nan. Sai dai daga nesa aka ɗauka, kunnuwana kuma sun fara ritaya. Nakan manna wayar a kunne in ji ta can ƙasa-ƙasa tana cewa, "Malam, kai da akuyag ga ban san wa ya fi wani hankali ba."

Da autar ta haihu a Bukkuyum aka ce za a mayar wa jaririya sunan marigayiya, sai ta aiko mini: "Baba, ka taho da muryar Inna ran suna, mata su ji." Na sayi 'yar sifika marar igiya, irin mai bulutut ɗin nan da wata Baturiya ke magana a cikinta in an kunna. Aka haɗa mini su. Na danna, sai tsohuwata ta fito kamar sauro a cikin tulu.

Na yi bincike irin namu na masana. Na ƙure maɓallin gefen waya har ta yi mini gargaɗi da Turanci. Na ɗora sifikar a kan wayar, ko nisa ne ya yi musu yawa. Na kashe na kunna, na hura ramukanta, na shanya ta a rana. Akwai wani maɓalli mai alamar tarawa a jikin sifikar, amma duk lokacin da na taɓa shi sai ya tsallake tsohuwata ya kawo mini wa'azi. Na ce wannan ya fi ƙarfin ilimina.

Ranar kasuwa na hau ɗan acaba zuwa Gummi, hanya tana sassaƙa mini ƙugu. Rumfar mai gyara cike take da samari. Ya jujjuya wayar ya ce, "Baba, wagga sai filashin."

"Mine ne shi?"

"Wankin ciki. Tas za ta fito. Akwai abin da kaka so ciki?"

Nan fa ake yin ta. Dattijo da furfura har gira, a tsakiyar sa'o'in jikokinsa, ya buɗe baki ya ce muryar matata nake so in ji? Mu da ko sunan matanmu ba mu faɗa? Wani daga cikin samarin har ya fara murmushi yana cewa, "Ko Baba na da budurwa ciki?" Na gyara hula na ce, "Ba komi sai tarkace." A lissafina, in an wanke riga datti ke fita, aljihu yana nan.

Ya gama wankinsa, ya sa wata waƙa don gwaji. Ƙara tana nan yadda take, ƙasa-ƙasa. Ya yi tsaki, ya ɗauki sifikar, ya danna maɓallin nan mai kawo wa'azi, amma bai ɗaga yatsa ba. Sai rumfa ta ɗauka, har mai rake ya waiwayo. Ashe sifika ƙararta daban, waya tata daban. In ka taɓa maɓallin ya yi tsallake, in ka riƙe shi ya ƙara murya. Wayar lafiyarta lau tun farko.

Na ce, "Madalla. To, sa mini na farkon nan."

"Wane na farko? Baba, ba ni tambaye ka ba?"

Na roƙe shi, a gaban samarin da nake jin kunya, na faɗi abin da na ƙi faɗa. Babu wanda ya yi dariya. Ya tona wayar har la'asar, bai samo ko tarin marigayiya ba. Ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ni kuma na ƙi kallon fuskarsa.

Ran suna mata suka kewaye ni, autar ta ce, "Baba, kunna muna Inna." Na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta sunkuyar da kai kan jaririyar kawai. Don in gyara zama sai na maƙale murya na kwaikwayi zancen akuyar. Suka yi dariya kaɗan, sai ƙanwar marigayiya ta ce, "Ba haka taka faɗi nai ba." Na nemi yadda take faɗa ɗin a kaina, na rasa. Har yau kalmomin suna nan, amma sautin yana ta yin nisa, kuma wannan ba shi da maɓalli.

Sifikar tana nan a kan taga, ƙara kamar ta tsaga ɗaki, ba ni da abin sa mata. Abin da na koya, da tsufana, shi ne in an tambaye ka ko akwai abin da kake so a ciki, ka faɗa da ƙarfi, ko da duk samarin Gummi za su yi maka dariya.