Wuƙar Baba Ta Samo Mini Gida a Garwa

Litinin: Gombe zuwa Jimeta

Ana sallame Asuba na saɓi jaka. Baba yana ƙofar gida yana wasa wuƙaƙensa, don shi tun yana saurayi rana ba ta taɓa riga shi isa kwata ba. Ya sa mini albarka ba tare da ya ajiye dutsen ba. Wani kamfanin nama a Garwa, can ƙetaren iyakar ƙasarmu, shi ne ya ɗauke ni aikin likitan dabbobi. Sun yi mini alkawarin kwana bakwai a masauki, bayan nan in san inda dare ya yi mini. Matata Hadiza kuwa ta ce idan ban samo gida ba, ita da 'yarmu ba inda za su je, kuma da gaskiyarta.

Motarmu ta tashi shida da kwata. Mun tsaya Numan muka ci kifi, muka shiga Jimeta ƙarfe ɗaya da rabi. Na kwana wurin wani abokin karatu.

Talata: Belel, Demsa, Garwa

Bakwai na safe muka kama hanyar Belel, mu tara a motar mutum biyar. A kan iyaka na canja naira zuwa sefa, damin kuɗina ya koma 'yan takardu har na ji kunyar aljihuna. Jandarman Demsa, wato ɗan sandansu na can, ya juya fasfona, ya yi mini tambaya da Faransanci, na amsa da Turanci, direba ya raba mu da Fillanci. Shinge uku muka wuce kafin Gashiga. Ƙarfe uku muka shiga Garwa, zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Na sha zoɓo mai sanyi, wanda su suke kira folere, na hau babur zuwa masauki.

Laraba zuwa Juma'a: neman gida

An haɗa ni da dillalin gidaje, Malam Bubakari, mutum ne mai fara'a da Hausa mai gardin Fillanci. Ya ce in sa riga mai kyau, in bari ya riƙa kira na Dakta. Wannan bai yi mini wuya ba. Gaskiyar magana, tun ina jami'a nake ɓoye cewa ni ɗan mahauci ne. Wata rana wani ɗan ajinmu ya ce ina ƙarnin jini, aka yi dariya, daga ranar duk wanda ya tambayi sana'ar Baba sai in ce ɗan kasuwa ne.

Mun ga gida a Yelwa, mai kyau, amma famfonsa sai ya ga dama. Mun ga wani a Rumde Ajiya, rufin kwano ba silin, na tsaya minti biyu gumi ya jiƙa ni. Na uku a unguwar Hausare shi ne ya shiga raina: ɗaki biyu da falo, rijiya, da dalbejiya a tsakar gida. Har na hango 'yata tana wasa a inuwar. Ɗan mai gidan ne ya zagaya da mu. Ya tambayi garinmu, ya tambayi sana'ar mahaifina, na ba shi amsar da na saba. Sai ya tambaya wa ya san ni a Garwa. Na zaro takardar kamfani. Ya karanta ta tsaf, ya miƙo mini, ya ce takarda ba ta zuwa biko idan an yi faɗa, ba ta zuwa jana'iza idan an yi rashi. Mahaifinsa ba ya ba baƙo gida sai wani sananne ya tsaya masa.

Haka aka yi mini a gida biyu ranar Alhamis, da ɗaya bayan sallar Juma'a. Ba wanda ya wulaƙanta ni, har ruwa ake ba ni, amma mukulli bai zo hannuna ba. Da Hadiza ta kira na ce mata ana nan ana dubawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, saura kwana uku a masauki.

Asabar: kwata

Shida da rabi manajanmu ya kai ni kwata in ga inda zan riƙa duba nama. Ƙamshin wurin da wasu ke toshe wa hanci, ni gida ya tuna mini. Aka kawo hantar wani bijimi in duba, aka miƙo mini wuƙa dakusasshiya. Ban san lokacin da na karɓi wata wuƙar daga hannun na kusa da ni ba, na goga su baki da baki, na gwada kaifin a farcen babban yatsa. Na tsaga hantar, lafiya lau. A gefe wani mahauci yana fiɗa, wuƙarsa na neman huda fata. Na naɗe hannun farar rigata, na dunƙule hannu na tura tsakanin fata da nama, fatar ta saki ba ko ƙwarzane.

Wani dattijo da ke zaune a benci da sanda, wanda kowa ke durƙusa wa in zai wuce, ya yafito ni. Alhaji Ɗanjuma sunansa, babba a cikin mahautan garin. Ya kama hannuna na hagu, ya duba tabon da ke yatsana.

"Dakta, wannan hannun ba a makaranta ya koyi wuƙa ba. Ɗan wane ne kai?"

Mahauta sun zuba mini ido, manaja yana tsaye. Tsohuwar amsar ta zo har bakina, na haɗiye ta.

"Baba, ni ɗan Malam Sale mahauci ne, na kwatar Gombe. Kakana ma mahauci ne."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce kakansa daga Kano ya zo da wuƙa ɗaya, gidan mahauci ya sauka, kuma har gobe baƙon mahauci ba ya kwana a masaukin kuɗi alhali 'yan'uwansa suna gari. Ya yi mini faɗa sosai da na kwana huɗu ban nemo su ba. Da na ba shi labarin gidan dalbejiya, sai ya ce mai gidan surukinsa ne.

Bayan La'asar muka je tare. Ɗan mai gidan nan da ya mayar mini da takarda shi ya shimfiɗa mana tabarma. Alhaji bai ce Dakta ba ko sau ɗaya, cewa ya yi, "Ɗanmu ne." Kafin Magariba mukulli yana aljihuna. Malam Bubakari ya ce da na faɗa masa tun Laraba, da mun huta da ƙona fetur.

Komawa

Na yi sati biyu ina aiki, na sa aka yi wa gidan fenti, sannan na biyo hanyar da na zo in ɗauki iyali. Na iso Gombe ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma, da kilishin da Alhaji ya ce in kai wa ɗan'uwansa mahauci, wato Baba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mahautan Garwa da suka riƙe ni kamar a hannunsu na tashi.

Baba ya saurari labarin duka yana tauna kilishi. Ashe ya daɗe da sanin abin da nake faɗa wa mutane game da shi. Da na gama ya kalle ni ya ce, "Da suka tambaye ka, me ka ce ina yi?"

Na ce, "Mahauci na ce, Baba. A gaban kowa."

Ya sunkuyar da kai ya jawo dutsensa, ya daɗe yana wasa wuƙar da ta riga ta yi kaifi.