Waƙoƙin Jamus a motar Moriki

Mun baro Ƙaura za mu Moriki, sai wata tsohuwa kusa da ni ta kunna sabon faifan waƙoƙin Jamus a wayarta. Gaskiya bai burge ni ba, kiɗan duk iri ɗaya ne.

Na ce, "Inna, kina jin yaren ne?"

Ta ce, "Ko kalma ɗaya, ɗana. Autana ya turo min. Gidan tsofaffi yake aiki can, wai shi suke saurare in yana ba su abinci. Shekara shida ban gan shi ba. In na kunna, sai in ji kamar ina cikinsu."

Na roƙe ta ta ƙara sauti.

Ku da ke nesa, yaushe rabonku da kiran gida?