Takobin Gidanmu

Ranar Asabar ce, cikin goman ƙarshe na azumi. Ƙarfe bakwai na safe ina tsakar gidanmu a Omdurman ina wanke randunan ruwa. Yayana Usman ya fito da rigar aikinsa mai tabon baƙin mai, zai tafi Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, inda yake walda. Mahaifinmu yana zaune a kan gadonsa na igiya a gindin darbejiya, yana jan carbi. Ya ce wa Yaya kada ya manta da man riɗi in zai dawo, Sallah ta matso. Ba na girki ba ne. Na takobi ne.

Dole in yi bayanin takobin nan, don shi ya ja mana. Na kakan Baba ne. A can ƙasar Hausa, da Turawa suka ci ƙasa, suka ɗora haraji a kan kowane magidanci, suka riƙa kwasar mutane aikin tilas, mutanen garinsu suka ce ba za ta saɓu ba. Suka kori masu karɓar haraji. Suka fita da takubba da kwari da baka, suka yi nasara a karon farko, aka yi ta buga tambari. Ba a rufa wata ba Turawa suka dawo da bindiga mai ruwa. Kafin azahar an gama. Aka ƙone garin, aka cike rijiyoyi. Kakan Baba ya rataya takobinsa ya nufi gabas da niyyar Makka. Bai kai ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a yankin Jazira, nan Sudan, ɗansa kuma ya koma Omdurman da zama.

Wasiyya biyu ya bari. Ba a barin takobin a gidan da aka tashi. Kuma babban ɗa namiji ne mai shi. Duk Sallah ana sauko da shi, a shafe kuben da man riɗi, Baba ya ɗauko labarin nan tun daga farko, mu kuwa muna hamma muna jiran abinci. Takobin ya yi shekara da shekaru bai fita daga kubensa ba. Tsatsa ta haɗe su. Ko kaza ba zai yanka ba.

Ƙarfe tara saura muka ji ƙarar farko daga tsallaken kogi. Dim, sai shiru, sai dim-dim a jere. Tara da rabi jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa har kwanon rufi ya amsa. Ƙarfe sha ɗaya Yaya ya dawo a ƙafa, da takalmi wari ɗaya, ba man riɗi. Ya ce soja da waɗanda har jiya suke tare da soja suna harbin juna a tsakiyar gari.

Lahadi wuta ta ɗauke. Litinin famfo ya ƙafe. Talata da la'asar, muna haɗa kayan buɗa-baki, harsashin igwa ya faɗo gidan maƙwabtanmu. Na ji fito tukuna, sannan ƙasa ta buge ni a baya. Katangarmu ta tsage daga sama har ƙasa. Mutum uku aka fitar a cikin barguna. A filin ƙwallo aka binne su, don babu hanyar zuwa maƙabarta.

Bayan mun sha ruwa Yaya ya ce gobe sai Jazira, wurin dangin Baba. Wani abokin Yaya mai hafila, ƙaramar bas, ya yarda ya ɗauke mu. Waɗanda suka gwada hanyar suka dawo sun yi gargaɗi. Akwai shinge bayan shinge. Ana zazzage kaya. Duk namijin da aka samu da makami, ko da wuƙa ce, soja ne a wurin masu tsare shingen. Na ji da kunnena. Baba ma ya ji.

Laraba ƙarfe shida, Baba yana lazimi, na sauko da takobin daga jikin bango na cusa shi ƙarƙashin itacen girki a bayan madafa. Ban yi shawara da kowa ba. Ƙarfe bakwai hafila ta tsaya a ƙofa. Mu shida ne: ni, da Baba, da Yaya, da matarsa Nafisa, da 'yan matansu biyu. Kowa ya shiga. Baba ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ya tsaya, ya juyo. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, ina takobi?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce ƙarfe ne kawai. Na ce wanda ya zo da shi ma bai hana a ƙone garinsu ba. Na ce fiye da shekara ɗari muna dakon abin da bai taɓa kare kowa ba. Ya sauke ƙafarsa, ya zauna a dakalin ƙofa, ya ce mu tafi, Allah ya kiyaye hanya. Direba yana ta danna hon. Harbi yana matsowa daga wajen kasuwa. Yaya ya dube ni. Na ɗaga yatsa na nuna masa madafa.

Da ya fito da shi, Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya miƙa wa Yaya. Ya ce shi tsoho ne, bai san ko zai kai ba, daga yau takobi na Usman ne. Ni na naɗe shi a tabarmar salla, na ɗaure da igiyar shanya.

Bakwai da rabi muka tashi. Muka haye gada, direba ya ce kowa ya sunkuya. A Khartum hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi ta wajen kasuwar Suk al-Arabi. Ƙofofin shaguna a ɓalle. Motoci a ƙone, wasu da mutanensu a ciki. Nafisa ta rufe idon yaran da mayafinta. A shinge na farko fuskokinmu kawai suka leƙa. A na biyu suka karɓe wayoyi. Na fara cewa a raina ƙila mun sha.

Ƙarfe goma da minti ashirin muka iso Soba. Shinge na uku. Mota mai bindiga a bayanta, tayoyi a kan titi, maza biyar da rawani.

"Agif! Tsaya!"

"Anzil! Kowa ya sauka!"

Suka jera mu a rana. Suka zube garin dawa a ƙasa, suka yayyaga katifa. Ɗayansu ya kwance igiyar, ya warware tabarmar da ƙafa. Takobin ya faɗo a kan kwalta da ƙara.

"Na wane ne?"

Da Baba ya ce nasa ne, ina ganin mari ɗaya za su yi wa tsoho su ƙyale shi. Na ga bakinsa ya buɗe. Amma yana azumi, kuma awa uku da suka wuce ya bayar da takobin da sunan Allah. Baba bai iya ƙarya ba. Ya rufe bakinsa.

"Nawa ne," in ji Yaya.

Suka yage masa riga. A kafaɗarsa akwai kanta, ta ɗaukar ƙarafa a wurin aiki. Suka ce sawun igiyar bindiga ne. Na yi ihu da Larabci cewa mai walda ne, su dubi ƙunar hannunsa. Aka nuna mini bakin bindiga. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanyata.

Babbansu ya ɗauki takobin ya ja. Bai fito ba. Ya taka kuben da ƙafa ya sake ja, sauran suna dariya. Bai fito ba. Ya yi tsaki, ya wurga shi cikin hafila ta taga.

"Imshi! Ku tafi!"

Suka harba sama sau biyu. Direba ya tura mu ciki. Yaya yana durƙushe a gefen titi, kansa a ƙasa. Bai ɗago ba. Goma da minti arba'in muka bar Soba.

Da la'asar muka isa ƙauyen dangin Baba. Juma'a aka yi Sallah. Baba bai nemi man riɗi ba, bai ba da labari ba. Tun daga ranar duk wanda muka ji an sako, sai na je na tambaye shi. Ba wanda ya ga wani Usman mai walda.

Ina dafa wa Baba abinci, ina wanke masa kaya. Ba mu taɓa yin maganar Soba ba. Wata rana haushinsa yakan cika ni har in kasa kallonsa, sai in tuna yatsan wa ya nuna madafa. Da yaƙin ya biyo mu Jazira muka sake tashi, Baba bai tambayi komai ba. Ni na ɗauko takobin na naɗe. Na Yaya ne yanzu, kuma ba a barin sa.

Mun fito daga Omdurman mu shida da takobi ɗaya. Takobin yana ƙarƙashin gadon Baba, ko ƙwarzane bai yi ba. Mu biyar ne.