Apelis ToMarum da Kujerar Duba Baki

Idan ana neman mutumin da Allah ya ba baki ya hana shi kunne a ƙauyen Bitamarau, ba sai an wahala ba, a nufi gidan Apelis ToMarum. Gonar kokonsa ciyawa ta fi itatuwan yawa. Kwalekwalen da ya gada ya ruɓe a bakin teku tun yaransa suna ƙanana. Amma a yi mutuwa, ko a tashi kai kuɗin aure, ko iyakar gona ta haɗa gida biyu faɗa, nan za ka ga sana'arsa. Zai ɗaura sabon zani, ya saƙale kwandon ganyen kwakwa a hammata, ya tsaya a tsakar fili ya fara zuba. Shi ke kiran sunaye a wajen makoki idan ana rabon tabu, wato kuɗinmu na gargajiya na wuri. Ya san kakar kowa, ya san wanda za a fara kira da wanda za a bari ya ɗan sha rana. A faɗi gaskiya, ya iya. Matsalar ita ce ya san ya iya.

Da harshen nan ya ci ya sha, da shi ya auro IaLuana, kuma tun ranar da ta tare bai taɓa barinta ta kai aya ba. Ta ce, "Baban Melki, rufin kicin ɗin nan..." sai ya ce, "Na sani." Bai sani ba, kuma har yau rufin yana yoyo.

Buwai kuwa, ɗan itacen nan mai kama da goro, tun yana ɗan yaro yake taunawa kamar kowa, a ɓare ta, a dangwali farar toka da ɗan yajinta, a tauna har baki ya yi jawur. A nan ba a gaisuwa hannu rabbana, ba a taro ba a sulhu sai an miƙa buwai, kuma wanda ya kira taro shi ke fara taunawa. Sauran mutane suna yi don al'ada. Shi Apelis ya mai da ita abinci.

A shekarar da wasu masu bincike suka zo, da ma akwai wani gyambo a gefen harshensa na hagu da ya ƙi warkewa. IaLuana ce kaɗai ta lura, don ita ke ganin yadda yake karkatar da kai idan yana cin gwaza, da yadda ya fara ture duk abin da aka sa wa barkono.

Ta ce, "Baban Melki, abin nan na bakinka ya daɗe fa, ko za mu je asibitin Kokopo a..."

Ya ce, "Cizo ne na yi. Ke ba ki taɓa cizon harshe ba? Ina za ki cije shi, ba aiki yake miki ba."

Masu binciken shugabarsu mace ce, Likita Haro, daga Mosbi babban birnin ƙasa ta zo. Abin da suke son ganewa shi ne ko nas guda da tocila da wayar ɗaukar hoto da wani shuɗin ruwa za ta iya kama sankarar baki a ƙauye tun ba ta yi ƙarfi ba. A shafa ruwan, a kuskure, idan wani wuri ya riƙe launin sai a kai mutum gari a yanki ɗan nama a auna. Za su riƙa dawowa bayan 'yan watanni. Nas ɗin da suka ɗauka 'yar gida ce, don mutane su saki jiki, Dorkas, 'yar ƙanwar Apelis.

Suna neman wanda zai tara musu jama'a ya kuma fassara. Kafin likita ta rufe baki Apelis ya riga ya miƙe. Aka ba shi riga mai tambari da hula, ya saka su bai sake cirewa ba, har coci da su yake zuwa.

Likita ta tambaye shi, "Baba, kai kana taunawa?"

Ya ce, "Ni? Ai na bari tuntuni, Likita. Mu da muka waye."

Ya washe mata haƙora, farare tas, har da karyayyen nan nasa na ƙasa da kowa ya san shi da shi. Da safiyar nan ya dirje su da ɓawon buwai da gawayi da yashin teku har dasashi ya yi jini. Harshen kuwa ya naɗe shi can ciki.

To, yaya ake tara mutane a Bitamarau? Da buwai mana. Apelis ya cika kwando, ya bi gida gida yana miƙawa yana gayyata zuwa binciken sankarar baki. Kuma da yake mai kiran taro shi ke fara taunawa, a kowane gida sai ya tauna. Ranar da aka fara aiki a ƙarƙashin mangwaron coci, jama'a suka hallara kowa baki jawur, sai da aka ɓata rabin safiya ana kuskurar baki.

Likita ta ce, "Baba, abin da muke faɗa da shi kake rabawa?"

Ya ce, "Likita, idan ban raba ba, ke da kujerarki za ku wuni. Ni rabawa kawai nake yi."

Dorkas ta san ƙarya ne, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jera auduga.

Mutane suka yi cirko-cirko, babu mai son fara zama. Likita ta dafa kujerar ta ce, "Baba, zo mu fara da kai, su ga babu zafi."

Nan Apelis ya ja da baya. Tsoro yake ji, tsoro sosai. Ya taɓa ganin wani mutumin ƙauyen gaba da ya dawo daga Mosbi babu rabin muƙamuƙi, yana shan kunu da bututu. Ya san gyambonsa ba cizo ba ne, tun da daɗewa ya sani. A ransa, muddin ba a duba ba, ba za a yanka ba. Sai idonsa ya faɗa kan Ereman ToKele.

ToKele sa'ansa ne, mutum marar hayaniya mai saƙa tarkon kifi. Laifinsa ɗaya a duniya: wata rana a wajen makoki ya gyara wa Apelis sunan wata tsohuwa a gaban jama'a. Shekaru sun wuce, kowa ya manta banda mutum ɗaya.

Apelis ya ce, "Ni ai ma'aikaci ne, Likita, bakina fes yake. Ga wanda ya dace. Taso mutumina, kai da ka iya gyara wa mutane baki, zo a gyara naka."

Aka yi dariya. Ya kamo hannun ToKele ya ja shi har kan kujera. Dorkas ta haska, ta shafa, ta sa ya kuskure. A cikin kumatunsa wani wuri kamar ƙwayar wake ya riƙe shuɗin. Likita ta rage murya don ta yi wa mutumin bayani shi kaɗai. Ina, mai fassara ya riga ya juya ga jama'a. "Kun gani ko? An samu. Wannan shi ne sakamakon taurin kai."

Aka kai ToKele gari, aka cire wurin. Kafin koko ya nuna ya dawo yana cin gasasshen kifinsa, sai ɗan tabo da ba mai gani. Buwai kuwa ya bar ta har abada, idan an miƙa masa ya karɓa ya sa a kwando. Apelis ya riƙa bin gari yana cewa shi ya ceci ransa, kuma wai an ce masa sunansa zai fito a littafin likitocin duniya. Ba wanda ya ce masa haka.

IaLuana da ta ga maganarta ba ta kaiwa ƙarshe, sai ta kai wa Dorkas. Dorkas ta zo gidan da yamma, ta durƙusa daga nesa.

Ta ce, "Kawu, ko a nan gida ne, ba wanda zai sani. Haskawa kawai zan yi."

Ya ce, "Ke Dorkas, hannun da na riƙe na kai makaranta shi za ki zura min a baki? A Mosbin aka koya muku taɓa kan kawunku?"

Ta tashi ta fita. A nan kawu ya fi uba, gonar dangin uwarta a hannunsa take, ranar aurenta shi zai tsaya ya yi magana. Masu binciken sun ɗauki 'yar gida don a saki jiki da ita, ba su yi tunanin akwai bakin da 'yar gida ba ta isa ta ce a buɗe ba. Duk da haka yarinyar ta yi ta maza, ta gaya wa likita. Likita Haro ta ja shi bayan coci ta roƙe shi, har ta ce ita da kanta za ta duba.

Ya ce, "Likita, ba ni na fassara wa mutane cewa abin nan ba tilas ba ne? Ko ƙarya kika sa na yi musu?"

Ta ƙyale shi, don gaskiyarsa ce. Ya dawo gida yana ba da labarin yadda ya ƙure likita da magana, yana dariya da gefe ɗaya na baki.

Haka aka yi ta zuwa ana komawa. Duk zuwan da za su yi, Apelis na tsaye a gefen kujera da hularsa yana daka wa tsofaffi tsawa, "Buɗe da kyau, Iya, ba cinye ki za a yi ba." Bakin da bai leƙa ba a ƙauyen nan babu, har ya fara ba da ra'ayi. Shi kuma ya koma shan romo da ayaba dafaffiya, ya rame, hular ta fara yi masa yawa. Wani ƙullutu ya fito masa a wuya, sai ya ɗauki ɗaura tawul wai sanyi yake ji. Sanyi a Bitamarau, don Allah.

Asiri ya tonu a makokin wani dattijo. An baza tabu a kan ganyen ayaba, dangi sun zo daga ƙauyuka, Apelis ya miƙe. Ya kira suna na farko, ya fita da ƙyar. Ya kira na biyu, mutane suka kalli juna. A na uku harshen ya ƙi juyawa sam, sai yawu da jini suka zubo a kan rigar mai tambari, kuma wannan jan ba na buwai ba ne. Ya tsaya baki buɗe. ToKele ne ya taso, ya kama shi ya zaunar, ya ƙarasa kiran sunayen a hankali, bai kuskure ko ɗaya ba.

Washegari ya zauna a kujerar. Dorkas ta riƙe tocila, likita ta duba. Ko shuɗin ruwan ba a buɗe ba, babu buƙata. A Mosbi aka cire fiye da rabin harshen, aka buɗe wuyan aka kwashe abin da ya bazu. Ya rayu, wannan kam an gode Allah. Amma abin da ke fita daga bakinsa yanzu mutum ɗaya ce tak ke ganewa, wadda ta shekara talatin da wani abu tana saurare.

Da aka kammala binciken, Likita Haro ta dawo ta faɗa wa jama'a abin da aka samu. Aka taru a ƙarƙashin mangwaro, ToKele ke fassarawa. Ta ce hanyar ta yi aiki, an kama da dama tun da wuri. Ta ɗaga manyan hotuna biyu, ba fuska ba suna, ɗaya na wanda aka kama da wuri, ɗaya na wanda ya makara. A na biyun akwai wani karyayyen haƙori a ƙasa, kuma sauran haƙoran farare tas. Babu wanda ya juya ya kalli Apelis, kuma wannan ya fi ci masa rai.

Sai ya miƙe, da hularsa. Ya daɗe yana magana, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna hoton, yana nuna kujera. Cewa yake ba don shi ba da ko mutum ɗaya bai zo ba, kuma tun da an saka bakinsa a littafin, ina sunansa?

Likita ta ce, "Mama, me Baba ya ce?"

IaLuana ta tashi, ta gyara zaninta. Ta ce, "Ya ce bakin can nasa ne. Ya ce tun kafin ku zo gyambon yana nan, na gaya masa, ya ce cizo ne. Ya ce bai taɓa barin buwai ba, da yashi yake dirje haƙora. Ya ce kujerar da ya tura ToKele a kai, tasa ce..."

Apelis ya cafke mata hannu yana girgiza kai, yana wani gurnani. Ta dube shi, ba da fushi ba, idonta ma ya kawo ruwa. Ta zare hannunta.

Ta ce, "Baban Melki, bari in ƙarasa."

Ta juya ga jama'a ta ci gaba. Ya koma ya zauna, ya saurare ta har ta kai aya.